'Yar Kwatano ko 'Yar Gida: Wacce Za Ka Saya da Miliyan Huɗunka?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka tara miliyan huɗu na sefa, iyali suna nan Maradi, aiki kuma yana kai ka Dakoro sau biyu a wata, kana son sanin ko ka sayi 'yar Kwatano da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ko 'yar gida da wani ya riga ya hau. Na sayi kowacce daga cikinsu, na kuma raka mutane da dama saye. Bambancinsu a wurina ɗaya ne babba: 'yar Kwatano jikinta da saura, amma ba wanda za ka tambaya tarihinta, ita kuwa 'yar gida ta sha rana ta sha yashi, amma tana da shaidu a gari. Duk abin da za ka duba, daga nan ya samo asali.

Sunan ma kansa ya fara zama tarihi. Muna cewa 'yar Kwatano ne don a da can ta tashar ruwan Kwatano suke sauka, su haura gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso da Konni su iso mana. Tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa sun koma bi ta Lome, su ratso Burkina, hanyar ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin kawowa ya hau. Saboda haka idan wani ya turo maka hoto ta WhatsApp ya ce mota tana Lome, ka aiko da rabin kuɗi, kada ka aika, sai fa idan mutum ne da ka san gidansu kuma ka ga motocin da ya taɓa kawowa. Kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa bai kamata ya tafi kan hoto ba. Motar da ta riga ta iso, tana tsaye a gabanka, ita muke kwatantawa da 'yar gida.

Takardu ne farko, tun kafin ka buɗe murfin inji. A 'yar Kwatano, abin tambaya shi ne duwan, wato kuɗin kwastan: an biya ko ba a biya ba? Idan dillali ya ce an biya, ya nuna maka takardar, ka karɓa da hannunka. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa, sannan an buga ta a jikin ƙarfen motar kansa. Ka sa ɗan'uwanka ya riƙe takarda yana karantawa, kai kana bin ta jikin ƙarfe da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Harafi guda ya saɓa, ka bar ta. Ka kuma shafa wurin da aka buga lambar: in ka ji alamar goga, ko ka ga walda da sabon fenti a kewayenta, ba ka da sauran magana da motar. Idan kuwa ba a biya duwan ba, ka je ofishinsu da kanka ka tambayi nawa za ta ci, kada ka ɗauki lissafin mai sayarwa, don sau da yawa arahar da ta ja ka a nan take ƙarewa.

A 'yar gida maganar duwan ta wuce, sai dai wata ta taso: wa ke da motar? Ka duba sunan da ke kan kartigiris, wato takardar mallakar mota, ka dubi katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. A garin nan mota takan wuce hannu uku ko huɗu kartigiris na nan da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya koma Agadas, ko ma Allah ya yi masa rasuwa. Idan motar gado ce, ka tabbata magada sun amince gaba ɗaya. Idan an ba da ita jingina kan bashi, wannan ba ya fitowa a takarda, a bakin mutanen unguwa ake jin sa, shi ya sa nake cewa 'yar gida tana da shaidu. Ku rubuta takardar sayarwa da shaidu, a buga mata hatimin hukuma, ka mayar da kartigiris sunanka ba tare da jinkiri ba, ka duba ranar ƙarewar asirans (inshora) da binyat (harajin mota) da bizit (takardar duba lafiyar mota).

Akwai ta ukun da ke yawan ruɗar mu mutanen bakin iyaka: mai lambar Najeriya da aka shigo da ita ta Jibiya da Ɗan Isa. Idan ka juya naira zuwa sefa sai ka ga kamar kyauta. Amma takardar izinin shigowa ta ɗan lokaci ce, ba ta mayar da mota 'yar ƙasa, duwan na jiran ka, kuma in motar tana da matsala a can, binciko asalinta daga nan aiki ne ja. Ban ba ka shawarar ta zama motarka ta farko ba.

Sai jiki. Ciwon 'yar Kwatano a ƙasa yake ɓuya. A Turai da Kanada suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙarƙashi, sama kuwa tana ƙyalli. Ka kai ta rami ko ka shimfiɗa buhu ka kwanta da tocila, ka ƙwanƙwasa shasi da sukudireba. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, amma wadda ke ɓarewa kamar ɓawon itace ba za ta jure ramukan daji ba. Waɗanda suka fito Amurka kuma da yawansu a gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka saye su. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka ciro tayar safaya ka leƙa raminta, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Busasshen laka, warin ruma, ko tsatsa a ƙusoshin ƙarƙashin kujera, duk alamar ta kwana cikin ruwa ce, kuma wayoyin irin wannan mota ba sa daina ba da wahala. Ka lura ma, allon 'yar Amurka mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6. Ko ma dai mene ne, kada ka ba wa lambar allo gaskiya a kowace irin mota, mayar da ita baya ake yi. Sitiyari da ya yi santsi, robar birki da ta cinye, kujerar direba da ta lotsa, su ne ba sa ƙarya.

Ciwon 'yar gida a fili yake ga mai ido. Ka tsaya daga gefe da hantsi ka bi jikinta da kallo, inda fenti ya canza launi ko ya yi kumburi an cike shi da poti. Ka ɗora ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne. Ƙafa ita ce ta fi shan wuya a wurinmu: ka danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki, in ta ci gaba da lilo amortisa, masu tare girgiza, sun mutu. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga ko masu gyaran wuta sun yi ta yanka waya suna naɗewa da salatif. Sai dai waɗannan duk gyara ne mai farashi, ka san nawa za ka kashe, ka kuma rage shi a ciniki.

Inji shi ne inda na taɓa ƙonewa. Wata shekara na je ganin wata 'yar gida da safe, na tarar an wanke ta fes har cikin inji, tana ta aiki a hankali ba ƙara ba hayaƙi. Na zagaya gari da ita, na biya. Kwana huɗu bayan nan, cikin zafin watan Afrilu, ina hanyar Tasawa da iyali, ban kai Agye ba allurar zafi ta haye ja. Da injin ya huce makanike ya buɗe murfin mai, sai ga wani abu fari-fari kamar kindirmo manne a cikinsa. Juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji, ya ƙone tun tuni, ruwa na haɗuwa da mai. Wankin nan da ɗumama injin kafin in zo, duk don kada in gani ne. Yara suka wuni gindin bedi a bakin titi, abin har yau yana yi mini ciwo.

Tun daga ranar sharaɗina guda ne ga kowace mota: in same ta a sanyaye, in taɓa injin da tafin hannuna kafin a tayar. Ka murɗa makulli rabi, fitilun allo su kama duka, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi. Ka sa wani ya taka totur kai kana baya: hayaƙi shuɗi mai take ci, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga, baƙi kuma isansi take sha fiye da kima. Sannan ka fita da ita bayan gari da rana tsaka, ka kunna kilim, wato na'urar sanyi, ka yi tafiyar rabin awa idonka na kan allura. 'Yar Kwatano ta fi yawan cin wannan jarrabawa ta fuskar ƙarfin inji, amma ba ta san zafin da ya haura digiri 40 ba, robobin ruwanta da radiyatarta sukan fara tsiyaya a bazarar farko. Ka sa a leƙa salansarta ma, don akan sace katalizar, abin tace hayaƙi da ke jikinta, a wuraren ajiya. 'Yar gida ta riga ta saba da zafin, sai dai ka tambayi makaniken da ke yi mata bidanji, wato canjin man inji. Mai mota na gaskiya zai gaya maka garejin da yake kai ta ba tare da ɓata rai ba.

Tayoyi: a gefen kowace akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko wadda aka yi don ƙanƙara, ba ta kwaltar Maradi ba ce komai kyan zanenta.

Game da iri, ba na dogon zance. Toyota ce kayan gyaranta ke ko'ina, daga kasuwarmu har Katsina da Kano, kuma makaniken Dakoro ya san cikin Corolla kamar yunwar cikinsa. Mai giyar hannu ta fi maka, ko batir ya mutu a ƙauye a tura ta tashi.

To da miliyan huɗu wacce zan saya in ni ne kai? 'Yar Kwatano mai lafiya wadda aka biya wa duwan za ta iya lashe kuɗin duka ta bar ka ba ko dala, ga kartigiris da lamba da asirans da taya da bidanji suna jira. Ni zan nemi Corolla 'yar gida mai hannu ɗaya, wadda zan zauna da mai ita ido da ido, in ga sunansa a takarda, in ji ta bakin makanikensa, in kashe abin da bai wuce miliyan uku da rabi ba, sauran jaka ɗari biyar in ajiye don ƙafa da taya da robobin ruwa. In ba a sami mai hannu ɗaya ba, sai wadda ta yi ta yawo tsakanin dillalai ba a san mai ita ba, to ta rasa abin da ya sa na fifita ta, gara ka ƙara haƙurin wata shida ka cika kuɗi ka ɗauki 'yar Kwatano da ka gani da idonka.

In ka sami wadda ta kwanta maka, ka zo da makanikenka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi ladan wuninsa. Ka gaya wa mai motar za mu zo Asabar bayan sallar asuba, kada ya wanke ta, kada ya tayar da ita. Ni zan zo da tocila da maganaɗisun.