Ɗan jagoran da ya zaga da ni haikalin Kali a Dakshineswar

Idan za ka Dakshineswar, a bakin kogin Hugli kusa da birnin Kolkata na ƙasar Indiya, ka ɗauki ɗan jagora. Wanda na samu ya ci halaliyarsa. Ya nuna mini inda ake ajiye takalma da waya, ya ba ni labarin Rani Rashmoni, attajirar da ta gina haikalin aka buɗe shi a 1855. Mabiya addinin Hindu uwa suke kiran Kali, abar bautarsu, mai kare 'ya'yanta. A layi na ga wata tsohuwa rungume da kwandon jajayen furanni da alewar madara, tana ta kiran "Ma", wato uwa, hawaye na zuba. A nan bai gaggauta ni ba. Ƙorafina ɗaya ne: ɗakuna 12 da ke bakin ruwa na bautar Shiva, wani abin bautar Hindu, a gurguje ya wuce su, alhali ina son jin labarinsu.