Kajin Noiler a zafin bazara: abin da na gani da na sake su

Duk mai kiwon buroila a Arewa ya san abin da watan Afrilu ke yi wa kaji. Kaza ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Buroila kuwa, da nauyin jikin nan nata, idan zafi ya haura digiri 40 sai ta kwanta ta ƙi ci, wata ma ta mace da tsakar rana ba ciwon komai. Wannan ne ya sa na koma Noiler, irin da kamfanin Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo ya samar don nama da ƙwai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙafarta. Kaza ce mai yawo. Da sanyin safiya take bazama neman gara da fari da ɗanyen haki, rana na ɗagawa ta tattara ta shige inuwar darbejiya, ta tona ƙasa mai laima ta lafe. Na lura da kyau: nawa ba su yi irin hakin da na saba gani a ɗakin buroila ba. Amma fa inuwar dole ce, haka ruwan. A kaskon ƙasa nake zuba musu, ina sauyawa da azahar, domin kaza ba ta son ruwan da ya yi ɗumi. Abinci kuma sai da sassafe da bayan la'asar, tunda narkar da shi ma yana ƙara mata zafin jiki.

Akwai maganar da wasu dillalan 'yan tsaki ke yi, wai da ka saki Noiler za ta ciyar da kanta. Ba haka ba ne. Makonni huɗu zuwa biyar na farko sai an killace su, an ba su ɗumi da abincin kamfani, an yi musu rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle. Bayan an sake su ma, musamman da rani da ƙasa ta bushe ƙurmus, in ba ka ƙara da dusa da tsaki da ganyen zogale ba, ƙashi za ka kiwata. Kada kuma a yi wasa da maimaita rigakafin kafin hunturu, lokacin da annobar Newcastle ke share kajin ƙauye. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wani rigakafin cutar mai jure zafi da ake ce wa I-2, ya dace da wanda ba shi da firij.

Girman Noiler ba na gaggawa ba ne. Buroila a mako shida zuwa takwas an sayar; wannan sai ka ba ta wata uku zuwa huɗu. Mai neman juya kuɗi da sauri ba tasa ba ce. Sai dai naman yana da ƙarfi, ba ya dagargajewa a miya, kuma launin gashinta na sa masu sayen kazar gida su tsaya su taya. Ni na sayar da zakarun gab da sallah, na bar matan suna ƙwai.

Asarar da na yi ta shirwa ce, a makon farko da na fito da su. Wanda filinsa ba bishiyoyi, ya kafa rumfar zana ya ja raga a sama kafin ya buɗe akurki.