Prius mai takardun sabis ko mai ƙaramin mileji?

Ɗan uwa da ka tambaya kan motocin Toyota Prius biyu da ka gani (hybrid ne, wato masu aiki da injin fetur da batir tare), ɗaya 2011 ta ci mil wajen dubu 180 amma da takardun sabis ɗinta, ɗayar 2013 mita na nuna dubu 90 ba takarda ko ɗaya sai rantsuwar dillali, ga yadda nake kallonsu.

Shekara dai kar ta ruɗe ka, daga 2010 zuwa 2015 duk injin 1.8 ɗin nan ne, ciwonsu ɗaya: EGR (bawul da bututun da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin injin) ya toshe, mota ta fara shan baƙin mai, in aka yi sakaci tof gasket (gasket ɗin kan injin) ya tafi.

Ta 2013 ɗin a ido ta fi, amma kowa ya san ana mayar da mita baya kafin mota ta iso hannunka. Ka ɗau lambar VIN (lambar shaidar motar) ka duba a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, in 'yar gwanjo ce sau da yawa har hotunanta na kamfanin gwanjon motoci Copart zaka samu a intanet da milejin da ta baro can da shi. Ko da ma milejin gaskiya ne, hybrid ba ta son zama, batirinta lalacewa yake in ta daɗe a ajiye ba a hawa, kuma baka san wane baƙin mai aka dinga zuba mata ba, ita kuwa 0W-20 aka rubuta mata.

Ta 2011 ta sha hanya kam, sai dai ba a duhu zaka saya ba. Kar ka tsaya ƙirga resit na juyen mai kawai, nemo inda aka wanke EGR, aka canza filogi, aka canza ruwan lagireto da na inbata (na'urar da ke sarrafa wutar babban batir) don tanki biyu ne daban. In ka ga an taɓa canza gasket ko babban batir to wani ya riga ya biya maka kuɗin, ni wannan ƙarin daraja nake ɗaukarsa ba aibu ba.

Amma fa takarda bata hana gwaji. Matsalar hybrid injin yana kashe kansa yana tashi, zaka iya zagaya unguwa da ita shiru kana jin daɗi alhali injin bai yi wani aikin kirki ba. Ka je da sassafe, ka ɗaga bonet ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi yake, don wasu ɗumama ta suke kafin ka zo. Sai a tada. In ta yi jijjiga da ƙara kwaf-kwaf na 'yan daƙiƙu sannan ta lafa, wlh ka yi hattara, yawanci EGR ne ko ruwa ya fara shiga silinda. Duba tankin ruwan ko ya yi ƙasa ba tare da yoyo a waje ba.

Daga nan a sa musu kwamfuta su biyun. In ta nuna lambar P0401 EGR ne, P0301 silinda ta ɗaya na fashin wuta, P0A80 kuma batir ne ya gaji, wannan ba ƙaramin kuɗi bane. A duba bulok 14 na batirin ko wutarsu ta zo kusa da juna, a leƙa fankar batirin da ke gefen kujerar baya, ƙurar hunturu tana toshe ta sosai.

Ni da kuɗina ne ta 2011 zan ɗauka in ta wuce gwajin safe. Ta 2013 sai in VIN ya gaskata milejin, kuma a rage min kuɗin wanke EGR da canza ruwa da mai gaba ɗaya tun a wajen ciniki.