Sharhi Kan Ziyarar Fadar Nijo da Ke Birnin Kyoto

Duk wanda ya isa Kyoto yana son ya fahimci yadda mulki ya koma daga hannun mayaƙa zuwa hannun Sarkin Japan, kuɗin da zai biya a ƙofar Nijo ba zai zama asara ba. Zuwa wurin ba wuya, domin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Nijojo-mae tana dab da ganuwar.

Tokugawa Ieyasu, shogun (wato shugaban mulkin mayaƙa) na farko daga gidan Tokugawa, shi ne ya gina fadar a 1603, jikansa Iemitsu kuma ya faɗaɗa ta domin tarbar Sarki Go-Mizunoo a 1626. Masu kula da wurin sun tsara hanyar maziyarta ta yadda mutum zai bi ta ƙasaitacciyar ƙofar Karamon, ya tuɓe takalma, sannan ya ratsa ginin Ninomaru mai ɗakuna 33 kamar yadda manyan baƙin shogun suke ratsa shi, katakon daɓen yana ƙara kamar kukan tsuntsu a ƙarƙashin ƙafafunsa. A babban zauren an jera mutum-mutumin hakimai a durƙushe, kuma a wannan gini ne Tokugawa Yoshinobu, shogun na ƙarshe, ya bayyana aniyarsa ta mayar wa Sarki da mulki a 1867. An hana ɗaukar hoto a ciki, kuma na goyi bayan hakan, domin yana sa jama'a su kalli zanen masu fasahar gidan Kano (wani shahararren gidan masu zane na Japan) da natsuwa. Yawancin zanen da ke bango kwafi ne. Na asali ana nuna su bi da bi a wani ɗaki na musamman cikin harabar, wanda ya cancanci a leƙa.

Sashen da na fi ba wa muhimmanci shi ne Honmaru, wato sashen ciki na fadar, wanda aka sake buɗewa a 2024 bayan gyara, kuma shigarsa sai an yi rajista tun da wuri. Tsawa ta ƙone babbar hasumiyar sashen a 1750, gobarar 1788 ta cinye tsohon ginin, sannan bayan da Nijo ta zama fadar gidan sarauta a 1884 aka ɗauko gidan iyalin Katsura-no-miya, wani reshen gidan sarautar, aka kafa a gurbinsa. Wanda ya tsallake shi ya ga rabin tarihin ne kawai, domin nan ne shaidar zamanin da Nijo take hannun gidan sarauta, wanda ya ƙare a 1939, lokacin da aka miƙa fadar ga hukumar birnin Kyoto. Shawarata ita ce a je da safe, a kuma karɓi hayar na'urar bayani a ƙofa.