Mazubin kan ƙugiya: ka sayi wanda zai jure magagari

Duk wanda ya taɓa jefa koton roba a Binuwai ya san ƙasan ruwan nan ba ya ƙoshi da kaya. Ka jefa, dalmar ta nutse, ta maƙale a saiwa ko tsakanin duwatsu, ka ja, ka ja, igiya ta tsinke. Wata tafiya da muka yi Ibi, kawunan ƙugiya goma sha ɗaya na bari a ruwa kafin azahar, kuma kowanne daga waje aka kawo shi da kuɗin dala. Muna hanyar dawowa Jos ta Shendam na ce wa abokin tafiyata, daga yau ni zan riƙa zuba nawa. Ga wanda bai saba ba, kan ƙugiya shi ne ƙugiyar nan mai dunƙulen dalma a wuya, wadda ake sokawa a jikin kifin roba don ya nutse yana rawa kamar mai rai.

Tun lokacin mazubi iri-iri ya ratsa hannuna, wato abin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta ɗau siffar kan, wasu na ce masa mol. Tun farko in faɗa maka inda na karkata: mazubin alminiyom na zubi, mai ɓari biyu, mai hinji da mariƙin katako. Irin wanda kamfanin Do-It na Amurka ya yi suna da shi, da masu kama da shi in ƙarfensu na ƙwarai ne.

Dalilina guda ne. Babu mazubin da aka ƙera don kifinmu. Yawancinsu an auna su ne da siririyar ƙugiya irin Eagle Claw 570, wadda ta dace da ƙananan kifayen tafkunan Amurka. Giwan ruwa mai jiki ya kama wannan, miƙar da ita zai yi kamar allura ya tafi abinsa, tsage kuwa ba a magana. Dole ka sa ƙugiya mai kauri, ita kuma ba za ta kwanta a ramin da aka yi wa siririya ba. Ka rufe mazubin ya ƙi haɗuwa, ka zuba dalma ta tsiyaye ta gefe. Ke nan duk mazubin da za ka saya, ka saya da niyyar za ka sassaƙe shi. Tambayar ita ce wanne zai jure.

Na alminiyom yana jurewa. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, alminiyom sai an kai 660, don haka ko wuni ka yi kana zubi ba abin da zai same shi. Ga shi da laushin da ƙaramin magagari zai ci shi ba tare da ka haɗa gumi ba. Yadda nake yi: in kwantar da ƙugiyar a raminta, in rufe, in ɗaga mazubin wajen hasken taga. In na ga haske na ratsowa ta tsakanin ɓarin biyu, akwai aiki. Sai in shafa wa ramin baƙar maka, in sake rufewa in matse, inda ƙugiyar ta goge baƙin nan ne take tokarewa. Siririn magagari mai zagaye, irin na masu gyaran agogo, shafa uku a wannan ɓari, uku a wancan, in hure garin, in sake gwadawa. Kada ka ci ɓari ɗaya kawai, ƙugiyar za ta karkace, koton ya riƙa iyo a gicciye kamar kifin da ya sha guba. Wani lokaci rabin awa nake yi a kan rami guda. Masu gaggawa suna sa ɗan injin goge ƙarfe irin Dremel, ni na daina, don ƙiftawar ido ya ci abin da ba ya dawowa.

In ma ka zarce, ba a rasa dabara ba. Jan gam ɗin gasket da makanikai ke amfani da shi a Farin Gada, ka ɗan cika ramin da shi, ka shafa wa ƙugiya mai, ka kwantar ka rufe, ka bar shi kwana guda. Ba ya dawwama, amma yana kai ka zubi da yawa kafin ka sake. Haka kuma a jikin wannan mazubi za ka iya tsaga ɗan layi da bakin reza daga ramin zuwa waje don iska ta samu mafita, ka ɗan buɗe bakin da dalma ke shiga, har ka yi wa guntuwar waya gurbi a wuyan ƙugiya don ta riƙe robar kada ta zame. Ka lura da awo, na Amurka da oza suke rubutawa: kwata kusan giram 7 ne, rabi 14, oza ɗaya 28. A ruwa mai gudu, 14 zuwa 28 ne abin nema. A kududdufan haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru, inda ruwa ke kwance, 7 ma ya wadatar.

Wani abu da mutumin Jos zai gane: da sanyin hunturu, mazubi mai sanyi yana daskarar da dalma kafin ta cika rami, kan ya fito rabi, ko da tamoji a jiki. Ba laifin mazubin ba ne. Ka turara cikinsa da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, ka yi zubi huɗu ko biyar ba ƙugiya don ya ɗau zafi, sannan ka fara na gaske.

Sauran fa? Akwai na alminiyom da injin kwamfuta ya sassaƙa, sumul kamar madubi, aikinsa ba makusa, sai dai tsadarsa ba za ta bar zuciyarka ta sa masa magagari ba. Na silikon na koton roba ne, wanda ruwan robarsa ke dahuwa a wajen digiri 177, dalma kuwa ƙona shi take yi. Na leda da ake bugawa da firinta, abin kwaikwayo ne da za ka fitar da siffa, ko kusa da wuta kada ya je. Wanda masu zubin tukwane za su yi maka da yashi yana da kaushi da ƙananan ramuka, ya yi daidai da dalmar raga, ba kan ƙugiya ba.

Na fiyofi, garin nan da ake silin da shi, shi ne mafi arha, kuma shi ya bar min tabo. A watan Agusta na yi shi, ruwa ba ya ɗaukewa, na shanya shi kwana huɗu a baranda, na taɓa na ji ƙayau. Ashe cikinsa da danshi. Ina karkata ludayi sai na ji tas, dalmar ta yi tsartuwa sama, ɗigo biyu suka sauka a bayan hannuna, ɗaya ya huda hannun rigata. Ruwa in ya haɗu da narkakkiyar dalma tururi yake zama nan take, ya watso ta. Allah ya tsare idona, don ko tabarau ban sa ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kifin nan dai a kasuwa ma ana sayar da shi." Ban ce uffan ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin cutar da ke cikin harkar nan ta fi zaɓin wahala. Na taɓa tura wa wani mai talla a intanet kuɗi, hoton da ya nuna mazubi ne mai kyau da mariƙin katako. Abin da ya iso tasha ya fi nauyin da na sani nesa ba kusa ba. Ba alminiyom ba ne, haɗin zinki ne aka yi wa fenti mai ƙyalli. Zinki ya ninka alminiyom nauyi fiye da sau biyu, kuma irin wannan haɗin yana narkewa ƙasa da digiri 400, wato dab da zafin dalmar da kake zubawa. Mako biyu bakin ramin ya fara cinyewa. Hinjin kuma yana lilo, ɓarin biyu ba sa fuskantar juna, kowane kai ya fito da fiffike a gefe sai na bi da wuƙa. Da na kira shi, cewa ya yi, "Oga, ai kai ne ba ka iya zubi ba." Kashegari lambar ta daina shiga.

Saboda haka kafin kuɗinka ya bar hannunka, ka ɗaga mazubin ka ji nauyinsa. Ka rufe ka girgiza ɓarin biyu, in suna motsi, ajiye. Ka duba ko akwai ƙusoshin da ke shiga rami su daidaita fuskokin. Ka duba kaurin ƙarfen da ke bayan ramin ƙugiya, don nan za ka ci. In daga nesa ne, ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin kayan a buɗe da rufe, da takarda mai sunanka a gefe, ba hoton kamfani ba. Wanda ya fara kame-kame, ka san sauran. Sunan da aka buga a kwali kuwa ba hujja ba ne, kowa na iya buga kwali.

Ita kanta dalmar ana cuta a cikinta. Nauyin balansin taya da ake samu wajen masu faci ba duka ne dalma ba yanzu, akwai na zinki da na ƙarfe. Ka duba jiki, wasu an rubuta Zn, wato zinki, ko Fe, wato ƙarfe. Ka cije da filaya, dalma tana lotsawa, zinki ba ya yarda. Ka yar a siminti, dalma tim take yi, zinki ya yi ƙara. Guda ɗaya na zinki ya narke a tukunyarka, duk dalmar ta koma kamar kunun da ya yi gudaji, ba za ta cika rami ba. Ta cikin batirin mota kuwa, komai arharta ka bar ta, akwai asid da wasu guba a tare da ita. Ba mu manta da Zamfara ba, a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A fili za ka narka, ba a kicin ba, yara su yi nisa, tukunyar da ludayin kada su sake ganin abinci, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ko da goro.

Wasu kan tambaye ni, muna zaune a garin kuza, me ya hana mu zuba da ita? Ana yi, tana narkewa a 232, tana sheƙi, ba ta da gubar dalma. Sai dai nauyinta kusan biyu bisa ukun na dalma ne, ramin giram 14 zai ba ka wajen 9, ga tsada. Kuma baƙin yashin kuzar nan da ake wankewa a bakin rami ba ya narkewa a kurfoti, sai wadda aka riga aka tace. Akwai ma mai sayar maka da dalmar sodar lantarki ya ce zallar kuza ce, alhali haɗi ce da dalma.

Ni dai yanzu in zan je ganin mazubi, ƙugiyar Mustad ɗin da nake aiki da ita tana aljihuna, da ƙaramar tocila. In mai kayan ya hana ni kwantar da ita a ramin in rufe in haska, sallama nake masa.