Katifar iska ta majinyaci: mai ƙwai-ƙwai ko mai bututu?

Hajiya, kin tambayi wace katifar iska za ki saya wa Baba don kare shi daga gyambon kwanciya. Allah Ya ba shi lafiya. Tunda mai jiki ne kuma ba ya iya juyawa da kansa, mai bututu za ki saya.

Mai ƙwai-ƙwai, wadda fuskarta ke kama da tiren ƙwai, kaurinta bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Tana yi wa siririn mutum da bai fara gyambo ba, iyakarta ke nan. In ta huje a wuri ɗaya, duka ta tashi aiki.

Mai bututu kuwa tsayinta ya kai santimita 11 zuwa 13, da bututai kusan 17 zuwa 20 a jere, kuma ana cire wanda ya lalace a sa sabo. Injin da ke zuwa da katifar yana hura rabin bututan, sauran su saki, bayan minti 10 zuwa 12 su yi musanya, don kada wuri ɗaya ya daɗe a danne har jini ya daina zagayawa.

Amma ko wacce aka saya, saitin iska shi ne aikin. A fara hura ta har ƙarshe, minti 20 zuwa 30, babu kowa a kai. Sannan a kwantar da shi, a murɗa abin saitin zuwa nauyinsa in akwai lambobin kilo. Kada ki tsaya a kan lamba. Zura tafin hannunki ƙarƙashin katifar, daidai ƙashin da ke ƙasan kwankwasonsa. Ya kamata a sami iska kamar faɗin yatsu biyu tsakanin hannunki da jikinsa. In kin ji ƙashi, ya nutse, a ƙara. In ta yi tauri har bai lotsa ta ba, a rage, domin cika ta fam ma gyambo take kawowa, kuma nan ne masu jinya kan yi kuskure, suna ganin ƙarin iska ƙarin kariya ne. Idan an ɗaga kansa don cin abinci, nauyi kan koma mazaunai, sai a ɗan ƙara iska, a mayar bayan an kwantar.

Zanin gado ɗaya mara kauri ya isa; leda da bargo suna rage amfaninta. A ci gaba da juya shi duk awa biyu, a sa filo ƙarƙashin ƙwauri don duga-dugai su tashi. In an ɗauke wuta iskar tana sacewa a hankali, to a tanadi inbata ko sola, injin ba ya cin wuta sosai.

Ki yi hattara da masu shago: wasu katifar baƙi ta iska suke miƙa wa mutane a ce ta asibiti ce. Ta gaskiya tana da tiyo biyu daga injin. A jona a gabanki, ki jira minti 15 ki ga bututan sun yi musanya kafin ki biya.