DSLR ta hannu ko sabuwar marar madubi: da wacce za a fara sana'ar hoto?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin da ka tara ɗaya kawai za su iya saya: ko tsohuwar DSLR ta ƙwararru da wani ya riga ya mora, ko ƙaramar kyamara marar madubi sabuwa dal a kwali, kuma so kake ka fara karɓar aikin da za a biya ka. Ni dai ra'ayina, in hoto ne zai zama mafi yawan aikinka, ɗauki DSLR ɗin, ragowar kuɗin ka zuba su a lensi da fitila. In kuwa rabin aikin bidiyo ne, sai magana ta sauya.

A cikin DSLR akwai madubi a karkace wanda ke tura hasken da ya shigo ta lensi zuwa tagar da kake leƙawa. Da ka danna, sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, hasken ya sauka a kan sansa, wato ɗan farantin da ke ɗaukar hoton. Marar madubi babu wannan a cikinta: sansa na kallon haske kullum, abin da idonka ke gani a tagar kuma ɗan ƙaramin allo ne. Kusan duk bambancin da ake musu a kai daga nan ya samo asali.

Panasonic ce ta fara fito da marar madubi irin wannan a 2008, wato Lumix G1. Sony ta biyo da A7 mai cikakken sansa, wato babba, a 2013, Canon da Nikon kuma sai a 2018 suka shigo da ƙarfinsu. Manyan DSLR na ƙarshe da kamfanonin biyu suka fitar su ne EOS-1D X Mark III da D6, duka a 2020. Abin da wannan ke nufi ga mai farawa shi ne, ƙwararru da yawa sun sauya sheƙa sun zubar da kayansu a kasuwar na hannu. Lensunan Canon EF tun 1987 ake ƙera su, mazaunin lensi na Nikon F kuwa tun 1959 yake, don haka zaɓi ya yi yawa, farashi ya sauko.

Kada in tauye wa marar madubi haƙƙinta. Kafin ka danna kana ganin yadda hoton zai fito, duhu ko haske, wanda ke rage wa mai koyo asarar hotuna sosai. Sannan tana iya kama idon mutum ta riƙe shi ko yana tafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ka buɗe lensi sosai zuwa f/1.8 (ƙanƙantar lambar, girman buɗewar), wurin da ke fitowa tas ɗan siriri ne, saitin na iya faɗawa kan hanci ido ya dusashe. A DSLR wuraren saiti sun fi taruwa a tsakiya, sai ka koyi ɗora su a kan ido da hannunka, kuma za ka yi ta kuskure kafin hannu ya faɗa. Akwai kuma ɗauka shiru babu ƙara, mai amfani a taron da ake sauraron jawabi, sai dai a ƙarƙashin wasu fitilun LED yakan bar ratsi-ratsi a hoto.

To me ya sa duk da haka na karkata ga tsohuwar? Saboda tambayarka ba marar madubi ta ƙwararru ka sa a sikeli ba, ƙaramarta ka sa. Ƙananan nan yawanci ramin katin memori ɗaya gare su. Nikon D750 ta 2014 tana da biyu, haka ma Canon 5D Mark III ta 2012, kuma kana iya sa kowane hoto ya shiga katin biyu a lokaci guda. Mai ɗaukar hoto don nishaɗi ba zai damu da wannan ba. Kai kuwa da aka biya ka ɗauki biki ko yaye ɗalibai, in kati ya lalace babu wanda zai sake haɗa maka taron, kuma labarin irin wannan ya fi labarin kyakkyawan hoto saurin yaɗuwa. Ko manyan marasa madubi na 2018, EOS R ta Canon da Z6 ta Nikon, sai da masu sana'a suka yi ta ƙorafi a kansu saboda rami ɗaya.

Batir ma haka. A ma'aunin da kamfanonin ke bi, D750 na ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, EOS R kuwa 370, saboda allonta da sansarta ba sa hutawa. A aikace dukansu sukan wuce waɗannan alƙaluman, amma tazarar tana nan. Ana magance ta da ƙarin batir, wanda shi ma kuɗi ne.

Inda abin ya fi muhimmanci shi ne haske. Ƙaramar sabuwar takan zo da sansa ƙarami irin APS-C da lensin da ke zuwa tare da ita a kwali, wanda idan ka jawo hoto kusa buɗewarsa ke tsayawa a f/5.6 ko ma ya fi haka tsukewa. Ɗan lensin nan mai arha na 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da f/5.6 ke shigarwa. Ɗora shi a kan cikakken sansa mai milimita 36 da 24, ka shiga ɗakin taro mai ƙarancin haske, za ka ga bambancin da idonka: fata ta fito sumul, bayan mutum ya narke. Ƙara masa filashi guda da za ka iya juya kansa ya bugi silin ko bango hasken ya dawo a tausashe. Abin da kwastoma ke gani ke nan. Ban taɓa jin wanda ya karɓi hotunansa ya tambayi ko akwai madubi a cikin kyamarar ba.

Kayan hannu na da nasu haɗarin, kada ka biya sai ka gwada. Duba adadin dannawar da labulen ya yi. Na D750 da na 5D Mark III an ƙiyasta musu 150,000, wadda ta kusa kai wa nan ka bar ta ko a rage kuɗi sosai. Ɗauki hoton farin bango a f/16 ka duba ƙura ko tabo a sansa, gwada ramukan kati biyun, haska fitila cikin lensi ko akwai fumfuna. Ka kuma sani cewa da tafiyar shekaru kayan gyaran tsofaffin nan za su riƙa wahalar samu.

Wasu za su ce maka kana sayen abin da ya mutu. Jikin kyamarar ne zai tsufa, lensi zai bi ka. Canon na da adafta mai ɗora lensin EF a kan sababbin marasa madubinta na jerin R, Nikon na da FTZ. Sai dai a ɓangaren Nikon ka nemi lensi mai alamar AF-S, domin tsofaffin AF-D ba sa saita kansu a kan FTZ, da hannu za ka murɗa.

Maganar bidiyo gajera ce: a nan D750 da 5D Mark III ɗin da na ambata ba sa iya bin fuskar mai motsi yadda ya kamata, za su wahalar da kai. In masu ba ka aiki za su riƙa neman gajerun bidiyo tare da hoto, nemi marar madubi ta hannu irin Sony A7 III ta 2018, mai rami biyu da kama ido, ko da sai ka ƙara haƙuri ka ƙara tara kuɗi. Ko wacce ka zaɓa, ranar aikin kuɗinka na farko ka yi hayar kyamara ta biyu ko ka ara, ka rataya ta a kafaɗa da batir cike.